Ƙasa ta Maza, Icce na Mata

Jiya a kasuwar Gusau na ɗauki daddawa na sunsuna, sai mai sayarwa ta ce, "Hajiya, ta waken suya ce, kalwa ta yi wuya." Nan take kakata ta faɗo mini a rai.

Ita da ƙamshin kalwa ba sa rabuwa, har zanenta na sallah yana ɗauke da shi. A gonarmu ta bayan 'Yandoto akwai ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, ƙudan zuma da tsuntsaye suna ta hidimarsu a sama. Kullum maganarta ɗaya ce: "Ƙasa ta maza, icce na mata."

Wata rana kawuna ya kawo mai gawayi yana nuna masa babbar ɗorawar. Ta ajiye ƙwaryarta, ta zauna a gindin bishiyar, ta miƙe ƙafa.

"Inna, inuwar nan na kashe gero," in ji shi.

"Shekarar da geron ya ƙi, mi ya riƙe cikinka in ba garin ɗorawa ba? Fara sara ta kaina."

Ya juya sumui-sumui.

Ko arba'in ba ta yi a ƙasa ba gatari ya shiga gonar. Jarumi ke nan, sai da ya jira tsohuwa ta mutu! Yau ruwa ya zaizaye gonar, ba zuma, ba kalwa, shi kuwa yana majalisa yana ta cewa yanayi ya canza. Yanayin ne ya riƙe ƙotar gatarin?

Allah ya sa ki a inuwar Aljanna, Inna, inda gatarin ɗanki ba ya kaiwa.