Koren Fenti a Sandar Usuman Saƙƙa

"To amma wa ya ce ka shafa mata fenti?"

"Ba wanda ya ce, ya Ammi. Gani muka yi gidanka za ta zo," in ji Abdulghaffar, yana kiransa Ammi, wato Baffa da Larabci.

"Gidana? Wannan da kake gani ko'ina ya tsattsage?" Sheikh Mahmud ya ɗaga sandar da hannu biyu, ya jujjuya ta, ya kai hanci ya sansana. "La haula. Ko bushewa ba ta gama yi ba."

Abdulghaffar ya tsaya a zaure yana murza hularsa, ya rasa inda laifin yake. Sandar ta yi kyau. Kore ce shar, tana ƙyalli, an ɗaura mata sabuwar igiya a kowane gefe.

Shi Abdulghaffar direban wayit ne, motar tankin da ke raba ruwa a unguwannin Jidda. A nan aka haife shi, a wata bukka bayan ganuwa tun kafin a rushe ta, kuma Hausarsa da Larabcinsa a cakuɗe suke fitowa. Mutum ne mai fara'a, sai dai in abu ya tsaya masa a rai ba ya sakinsa. Mahaifinsa, Malam Usuman, mutumin Katagum ne. Ya taho hajji a ƙafa, ya daɗe yana ƙwadago a gonakin auduga na Sudan, ya haye teku, ya sauke farali, bai koma ba. Sai ya zama saƙƙa, wato mai ga-ruwa, ana ce masa Takruni kamar sauran Takarawa, mutanen ƙasar Hausa da suka zauna a can. Garwa biyu rataye a sanda guda, abin da mutanen gari ke kira zaffa, da ita ya yi ta hawan benayen Balad, tsohon gari, har gwiwoyinsa suka ƙi. Da ya rasu tsatsa ta cinye garewanin. Sandar ce ta rage, tana rataye a ɗakin tsohuwa Dela, mahaifiyar Abdulghaffar, baƙa wuluk saboda gumi da man hannu.

Sheikh Mahmud kuwa ɗan tsohon gidan 'yan kasuwa ne. A shekarun nan da katafila ke cin tsofaffin gidaje, 'ya'yansa duk suka koma sababbin unguwanni, shi ya ƙi rabuwa da gidan kakansa mai ginin dutsen teku da manyan tagogin katako. Ya shiga tara kayan da: fitilu, butocin gahawa, akwatunan amare, ma'aunin lu'ulu'u. Ya ce mathaf zai buɗe, gidan da jama'a za su riƙa zuwa kallon yadda mutanen zamanin da suka yi rayuwa. Wata rana Abdulghaffar ya jawo tiyo yana cika masa rijiyar gida, tsohon ya ƙura masa ido ya ce, "Kai ba ɗan Usuman Takruni ba ne? Ina yaro nake jin muryarsa a matakala yana cewa ya Sattar, don mata su kauce. Zaffarsa tana nan? Kawo mini. Zan ba ta wuri a bakin ƙofa, duk wanda ya shigo ita zai fara gani."

A ranar, Abdulghaffar ko abinci bai ci sosai ba don murna. Mahaifinsa ya shiga gidan nan sau ba adadi, bai taɓa zama a cikinsa ba. Yanzu za a ba shi wuri a bakin ƙofa.

"Abin da nake so ke nan kuka rufe," in ji Sheikh Mahmud, yana miƙa masa sandar. "Baƙin nan. Gumin nan. Wannan ai kamar daga kanti ka sayo ta yau da safe."

"Ya Ammi, datti ne fa."

"Dattin nake nema, ya waladi, ɗana."

Abdulghaffar ya jefa sandar a gaban mota, ya nufi gida a unguwar Sabil yana magana shi kaɗai. Ya tarar da matarsa Zakiya tana tsince shinkafa a tsakar gida.

"Ya karɓa, Abu Idris? Me ya ce?"

"Ya ce datti yake nema."

"Datti?" Ta ajiye faifan. "Shi babban mutum da shi?"

"Wallahi. Ya ce mun ɓata ta."

"Mun ɓata ta! Ni da na durƙusa da soso da sabulu sai da hannuna ya yi kanta? Yo ko kwanon abinci za ka kai wa maƙwabci ai ka wanke bayansa. Sai mu ɗauki abu da yanar gizo mu kai gidan mutane, a ce Takarawa ba su san tsabta ba?"

"Ke kika ce a wanke."

"Na ce a wanke. Fentin kuma wa ya kawo daga gareji yana cewa irin na ƙofar masallaci ne?"

Shi ne kuwa ya kawo. Daga ɗaki tsohuwa Dela ta ɗaga murya: "Da malam na da rai da ya yi murna da fentin nan. Kullum cewa yake in ya samu sarari zai gyara ta." Wannan ya ƙara ƙona masa rai, don gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar ba ta da amfani a wurin Sheikh Mahmud.

Daga ranar, duk sanda ya dawo daga aiki da la'asar, sai ya zauna a dakali da tsumma da kananzir da fasasshiyar kwalba. Yana kankarewa a hankali, yana fatan koren zai tashi ya bar baƙin a ƙasa. Ina! Sabulun Zakiya ya riga ya ci rabi, fentin ya kama sauran, duk inda kwalba ta bi sai su tashi tare. Maƙwabta masu wucewa suka samu abin tsokana. "Abu Idris, jiya shafawa, yau gogewa? Gobe wane launi za mu gani?" Ya yi musu banza. Zakiya ta ce a shafa man gyaɗa da baƙin tukunya ta koma yadda take. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ce shi gumin ubansa ba baƙin tukunya ba ne. Ta ce to halas, shi ke nan, ta shige madafa.

Da ya gama, sandar ta fito fara sol, kamar yau kafinta ya fere ta. Abu ɗaya ne bai tafi ba. A tsakiyarta akwai wani wuri da ya lotsa, inda kafaɗar Malam Usuman ta cinye itacen. Ido ba ya ganinsa sosai, amma hannu yana ji.

Ya koma Balad da hantsi. Ya ajiye wayit a bakin titi don lungun ba ya shiga mota, ya taka zuwa gidan. Yana shiga zaure ya tsaya cak. A bakin ƙofa, daidai wurin da aka yi masa alkawari, ga wata zaffa rataye, baƙa, da garewaninta masu tsatsa.

"A haraj na samo ta," in ji Sheikh Mahmud, yana nufin kasuwar gwanjo. Bai iya duban idonsa ba. "Baƙi sun fara zuwa, wurin ba zai zauna fayau ba."

"Ta wa ce?"

"Allahu a'alam. Mai sayarwar ma bai sani ba." Ya dubi farar sandar, ya girgiza kai. "Saurara, ya waladi. Ubanka mutumin kirki ne. Duk wanda ya tambaya zan ce masa wannan ta Usuman Takruni ce. Sanda ai sanda ce."

"Ba tasa ba ce, ya Ammi."

"Wa zai sani?"

"Ni. Da tsohuwata, in na kawo ta gani." Ya matso, ya kamo hannun tsohon ya ɗora a tsakiyar farar sandar. "Taɓa nan. Ka ji? Kafaɗarsa ce. A rataye ta kusa da waccan mana, duk wanda ya shafa zai gane."

Sheikh Mahmud ya shafa wurin, ya sake shafawa. Sannan ya zare hannunsa a hankali.

"Na ji. Amma a mathaf ba a taɓa kaya. Kallo kawai ake yi. Mai kallo kuwa sabon itace zai gani, ya ce na yaudare shi."

"Ba a taɓawa," in ji Abdulghaffar.

"Haka tsarin yake ko'ina."

Abdulghaffar ya janye sandarsa. Ya dubi baƙar sandar da ba a san mai ita ba, ta samu wuri a inuwa. Sheikh Mahmud ya ce ya zauna ya sha shayi. Abdulghaffar ya ce ya gode, yana da ruwan da zai kai unguwar Madinar Masana'antu kafin azahar, leburori na jira. Daga bakin titi aka fara danna hon, wani na ihu wa ya toshe hanya da wayit.

"Yalla, ina zuwa!" ya amsa da ƙarfi, fiye da yadda ya kamata.

Ya saɓa sandar a kafaɗa, ya sunkuya don kada ta bugi ƙofa, ya bi lungu da sauri ya nufi motar.