Aksul ɗin Amalanken Maƙwabci

Mahaifina ya yi shekaru yana aikin jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha. Aikinsa bin ƙafafun jirgi da guduma: ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai, ya faɗi wadda ta tsage a ciki. Bayan ya ajiye aiki ma, mai sayen garma ko tukunyar ƙarfe sai ya biyo ta zaurenmu a ƙwanƙwasa masa.

Wata damina maƙwabcinmu ya sayo aksul na amalanken shanu, wato sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyi, a kasuwar Maigatari. Baba ya buga sau biyu ya ce, "Kada ka ɗora masa kaya, yana da ciwo." Ƙarfen kuwa sumul yake. Maƙwabcin ya yi dariya ya ce, "Baba, kunnen da ba ya jin kiran abinci ne zai ji ciwon ƙarfe?" Mutanen zaure suka taya shi. Tun ranar Baba ya daina fitowa zaure.

Ni ina da zuciya, kowa ya sani. Da na zo hutu na ji labari, ban ko ajiye gyale ba na shiga gidan mutumin, na ce ya ara mini aksul ɗin zan dawo da shi kafin kaka. Lokacin ina aiki a ɗakin gwajin ƙarafa a birni, an kawo mana wata na'ura. Hasken leza take harba wa ƙarfe, wurin ya ɗumama cikin ƙiftawar ido, sai wata ƙara da kunne ba ya ji ta ratsa cikinsa. In ta ci karo da tsaga ta dawo, kwamfuta ta zana wurin.

A mota fushina ya huce, tsoro ya maye gurbinsa, don ni ma sai na ɗaga murya Baba ke ji na. In ƙarfen lafiya lau yake, da wane baki zan koma gida? Abokin aikina ya yi ta tsokanata, wai na ɗauko dakon rigimar ƙauye, amma shi ya kankare 'yar tsatsar da ke jikin ƙarfen da hannunsa. Har gobe ina gode masa.

Hoton ya fito da wani layi siriri kamar zare, can ciki kusa da inda taya ke zama. Na yi hamdala har hawaye suka zubo.

Na buga shi a takarda na kai wa Baba, ina cewa bari in tara 'yan zaure su sha kunya. Ya daɗe yana shafa layin da yatsa.

"Ki kai wa maƙwabci shi kaɗai, 'ya'yansa ne ke hawa," in ji shi. Sai ya rage murya. "Allah ya yi miki albarka. Wallahi ni ma har na fara yarda da maganar 'yan zauren."