Farar Ƙwayar Baba Yohanna

Har gobe ba zan manta ranar da Baba Yohanna ya tsaya a tagata ba, cikin damunar 1985. Lokacin ina miƙa magani a kilinik ɗin wata masaƙa, kusa da Nasarawa. Da shara na fara, sai da na yi karatun yaƙi da jahilci, ina da jikoki a gida, aka ɗora ni a tagar.

A da 'yan fansho kyauta suke karɓar magani. Da kamfani ya shiga matsi, aka ce wani kyauta ne, wani a biya rabi, wanda babu a sito kuma a saya a kemis a kawo rasit. Wanne ne wanne? Oho.

Baba tsohon masaƙi ne daga Sabon Tasha, mai hawan jini. Likita ya rubuta masa ja na ƙarin jini, wanda kyauta ne, da fari na hawan jinin, wanda aka ce sai an biya. Ya ɗauki ja, ya turo mini fari.

"Talatu, riƙe wannan. Wata uku ke nan ina barinsa."

"Baba, ka haukace? Wannan ne maganin ciwonka!"

"A'a, 'yata. Kamfanin da na ba ƙuruciyata ba zai sayar mini da maganin rai ba. Na kyautar shi ne na gaske. Farin nan ƙari ne, kamar nama a kan tuwo."

Na ja hannunsa zuwa wurin mai haɗa magani, ya ce rabi ne. Akanta ya ce a'a, ya biya duka, a mayar masa. Ogan ma'aikata ya ce ai tuni ake cirewa daga fansho. Na ce, "Oga, to nawa zai ciro daga aljihunsa yau?" Ya ce in dawo Litinin.

Baba ya dube ni. "Su ma ba su sani ba?"

"Ba su sani ba, Baba. Ni ma haka."

Na tura masa farin cikin aljihu, na ce su cire a albashina idan sun gama shawara. Ba su taɓa cirewa ba, ba su kuma ce kyauta ba ne.

Ku yaran yanzu, ku ji: tsoho yana auna darajar magani da yadda aka ba shi. Kafin ku faɗa masa kuɗi, ku nuna masa ƙwayar da ke riƙe da ransa.