Kifin da Na Juya a Nansha

Ku matso kusa, 'yan'uwa, ku ji abin da na daɗe ina haɗiyewa. Lokacin shekarata biyu a garin Panyu na ƙasar Chana, inda maigidana ke tura wa 'yan kasuwar Kano kaya a kwantena. Ni ba mai fita ba ce, boko ma firamare na tsaya; daga kicin sai waya, ina zuba da 'yan gida. Amma Allah Ya ba ni kunne. Daga taku nake gane maƙwabcin da ke hawowa bene.

Gwaggon maigidana, wadda ta raine shi, ta zo sarin kayan sawa a kasuwar Shisanhang ta sauka wurinmu. Sai wani Basine mai masana'anta, da muke kira Lawban, wato oga a yarensu, ya gayyace mu cin abinci a Nansha, bakin ruwa inda ake ɗaure jiragen shaƙatawa, daga nan a zaga da mu a ƙaramin jirginsa. Wuri ne mai kyau, ga wata mata a kan dandamali tana waƙa da siririyar murya. Saboda mu aka kawo kifi guda, dafaffe, kai da jela. Da aka cinye sama, ni mai son hidima na sa cokali na juya shi don in ciro wa Gwaggo tsoka. Tsohon da ke tuƙa jirgin, yana zaune tare da mu, ya ajiye sandunan cin abincinsa, ya ƙura wa farantin ido. Lawban ya yi wa maigidana bayani cewa mutanen ruwa ba sa juya kifi, ƙashin ake ɗagewa, don a wurinsu juya shi kifar da jirgi ne. Tsohon ya ce shi yau ba zai shiga ruwa ba, ya tashi.

Na yi ta dariya, na ce camfi ne, ina ruwan mataccen kifi da jirgi. Gwaggo ta ce a haƙura, ita ma gabanta na faɗuwa. Na dinga tsokanarta, na ce so take ta koma Kano a ce ba abin da ta gani a Chana sai kwali da salatif. Ta ce ni dai bakina ba ya mutuwa, ta miƙe ta bi mu. Lawban ya ce shi zai tuƙa.

Ba mu yi nisa ba na ji injin yana wani tari ƙasa-ƙasa, irin na janareto idan ruwa ya shiga mansa. Ba wanda ya ji sai ni. Na buɗe baki, sai na tuna dariyar da na yi wa tsoho, kada a ce tsoro ya kama sarkin baki. Na yi shiru.

Bayan la'asar hazo ya sauko, fari fat, har ba ka ganin hancin jirgin. Injin ya mutu. Lawban ya buga waya a zo a taimaka, amma ya kasa faɗin inda muke. Sai ga muryar mawaƙiyar nan, sarai, tana zuwa daga gabanmu, ɓangaren da na san babu tudu. Mazan suka ɗauki filafili suna tura mu wajenta. Ni kuwa waƙa biyu nake ji: ɗaya can baya, ɗaya a gaba tana bin ta a makare, ba rai a cikinta. Na kurma ihu na ce su juya, ta gaban nan ba mutum ba ce. Suna juyawa wani baƙin bango na ƙarfe ya fito daga hazon, ba a ganin ƙarshensa sama. Jirgin kwantena ne yana tafiya a hankali, shi ke dawo mana da sautin. Igiyar ruwansa ta ɗaga mu ta buga. Gwaggo na riƙe da hannuna tana salati, sai na ji salatin ya karkace, riƙon ya saki.

Kafin masu ceto su same mu an ɗau lokaci. Likita ya ce jininta ne ya hau, ɓarin jikinta ya shanye. Yanzu tana Kano a kan kujera, ta bar kasuwa. Idan na kira, da kyar take haɗa kalma, amma sai ta sa mini albarka, ta ce ni na cece su. Maigidana ma haka ya ɗauka.

Har gobe ban yarda kifi ya yi mana komai ba, komai ƙaddarar Allah ne. Amma da na yi magana tun tarin farko, da mun juya muna ganin tudu. Kada ku raina fargabar babba, kada kuma kunya ta rufe muku baki in kun ji abin da ba daidai ba. Yanzu ku faɗa mini, in ku ne, za ku gaya wa Gwaggo gaskiya, ko ku ci gaba da karɓar albarkar?