Saƙon Inna da ya ɓace a kaina

Shekarun baya, da mahaifiyata ta kwanta ciwon ajali a gidanmu na Tudun Wada, Gusau, ni ke jinyarta. Yayata tana aure a Bilbis, tana wankan jego, ba ta samu zuwa ba. Kuma akwai tsama a tsakaninsu. A bikin ƙanwarmu Yaya ta faɗa wa Inna maganar da ba a faɗa wa uwa, har Inna ta cika ba su shirya ba.

Bayan sadakar uku, an ce na kira Yaya na ce, "Inna ta bar miki saƙo, amma ba maganar waya ba ce, ina tafe." Ni sarkin iyayi, wai irin wannan magana sai an zauna a tabarma.

Na hau babur, kusa da Kwatarkwashi mota ta kwashe ni, kaina ya bugu da kwalta. Da na farfaɗo a asibiti, wata huɗu cur sun goge daga kaina. Inna na fara nema. Sau uku ana gaya mini ta rasu, kowane karo in yi kuka sabo fil.

Ranar da Yaya ta yi arba'in ta zo da jaririyarta a goye. Ko ruwa ba ta sha ba ta durƙusa gabana.

"Mi Inna tac ce? Ta yahe min?"

Na lalubi kaina, wayam. Babu kowa a ɗakin lokacin da Inna ta yi maganar, sai ni. Na dubi Yaya, na ce, "Cewa ta yi ta yahe miki duniya da lahira." Ta kifa kai a gwiwata ta yi ta kuka.

Abubuwa da yawa sun dawo mini a hankali, har kalar bargon da Inna ta lulluɓa da shi. Maganar ce dai ba ta dawo ba. Tun daga nan ba na ajiye saƙon kowa ya kwana.

Abin yana cina har yau. Yaya takan ce maganata ce ta dawo mata da barci. Ni kuwa duk sallah ina roƙon Allah ya sa gaskiya na faɗa.