Ranar da Ƙusa Ya Tashi Daga Benci

Auta ya fara tsaron gida a wasan ƙwallo tun bai iya ɗaura wando ba. Ba gwaninta ce ta jawo ba, ƙiba ce. Yaran layi sun lura idan aka ajiye shi tsakanin duwatsu biyu, ko iska sai ta nemi izini kafin ta wuce. Jikin gado ne. Babansa tela ne, kuma idan ya zauna gaban keken ɗinki, sai ka leƙa sosai kafin ka ga keken.

Da Auta ya shiga kwaleji aka ɗauke shi gola na biyu. Gola na farko wani dogo ne da ake kira Ƙugiya, mutumin da ko mura tsoronsa take ji. Ba ya ciwo, ba ya makara, ba a yi masa rasuwa ranar wasa. Shekarar farko Auta benci, ta biyu benci, har katakon ya lotse daidai mazauninsa. Nan ya samu sunan Ƙusa, wai an kafe shi da guduma.

A gida ma bai tsira ba. Da ya shigo Gwaggo za ta tare shi a tsakar gida.

"Auta, yau ƙwallo nawa ka kama?"

"Duka, Gwaggo. Da ido."

A shekararsa ta ƙarshe abin mamaki ya faru. Ƙungiyar da a da kowa ke zuwa ya lallasa ya tafi, sai ta fara ci. Wasan farko Ƙusa yana ƙarshen benci kusa da bokitin ruwa, aka ci. Na biyu ma haka. A na uku fitsari ya matse shi, ya zaga bayan ɗakin canja kaya, bai gama ba aka zura musu. Yana dawowa ya zauna, suka farke, suka ƙara. Kyaftin ya dubi benci, ya dubi raga, ya sake duban benci. Shi ke nan, magana ta ƙare.

Daga ranar aka haramta wa Ƙusa tashi. Ranar wasa ba a barinsa ya sha ruwa tun safe. Idan an ci ƙwallo kowa ya ruga fili, shi daga zaune yake murna, kamar mai jego. Koci ya ce shi bai yarda da camfi ba, amma dai a zauna ɗin. Suka bi kwalejoji ɗaya bayan ɗaya suna casawa, har waɗanda ke da motar kansu da likita.

Shi kuwa abin na cinsa. Makaranta za ta ƙare, bai taɓa taka fili a wasan gaske ba.

"Koci, ko minti biyar ne. In samu abin gaya wa jikoki."

"Haba Ƙusa, ai kai ne ƙashin bayan ƙungiyar nan."

"To a bar ƙashin bayan ya miƙe mana, ya sage."

Ranar wasan ƙarshe Baba ya rufe shago, abin da bai yi ba ko ranar da rufin gidansa ya yaye. Ya ce zai je ya ga aikin da ɗansa yake yi. Aka yi rabin lokaci yana ganin aikin: zama. Ƙusa ya kasa ɗaga kai ya dubi wajen 'yan kallo.

Suna gaba da ci ɗaya, ana dab da tashi, ɗan gaban abokan karawa ya tsere wa kowa. Ƙugiya ya fito ya kwashe shi kamar buhu. Jan kati, ga fanareti. Koci ya juyo a hankali.

"Ƙusa. Tashi."

Kyaftin ya taho a guje, ido waje. "Koci, in ya tashi wa zai zauna?"

Aka gwada mai ɗaukar ruwa, aka ga ko rabin lotsawar bai cika ba. Alƙalin wasa yana ta busa usur. Sai Ƙusa ya nuna can sama, inda wani mutum ya cinye wurin mutum uku.

"Ga Babana can. Irinmu ɗaya."

'Yan wasa huɗu suka haura suka sauko da tela, yana cewa, "Kai, ku sake ni, me na yi?" Suka dasa shi kusa da bokiti. Bencin ya yi ƙara, kyaftin ya ce alhamdu lillahi, benci ya karɓe shi.

Ƙusa ya shiga fili yana jan ƙafafu, don sun manta aikinsu. Ya tsaya tsakiyar raga. Mai bugu ya ja da baya ya taho. Ƙusa ya yi niyyar faɗawa dama, jikin ya ce shi bai saba da gaggawa ba, ya tsaya inda yake. Mai bugu kuwa ya ɗauka zai faɗi, ya narko ta tsakiya da duk ƙarfin da Allah ya ba shi. Ƙwallo ta sami Ƙusa a hanci. An ce har masu shago a bakin titi sun ji ƙarar. Ta koma sama, ta sauko, ya rungume ta ya kwanta a kai. Da ƙwallo tana magana, da ta nemi gafara.

Usur ya tashi, fili ya rikice. Mutum tara suka taru suka ɗaga Ƙusa, biyu daga ciki har yau suna ɗingishi. Ga kofi a hannunsa, ga auduga a hanci, ya sa aka kai shi gaban benci, inda tela yake zaune daram don babu wanda ya ce masa ya tashi.

"Baba, ka gani?"

Baba ya dube shi, idonsa ya ciko, ya share da bakin hannun riga.

"Na gani, Auta. Wallahi na gani. Amma dama da fuska ake yi?"