Muntari Mai Zaɓen Fata

A kan gonar mahaifin Muntari aka gina kamfanin fatar da ya yi wa aiki shekara goma a Challawa. Da aka karɓi gonar, tsohon ya koma sayar da rake a bakin hanyar Kumbotso, shi kuwa Muntari ya shiga kamfanin yana dako. Cikin shekara uku ya zama mai zaɓen fata. In mota ta sauke kaya, shi ke ɗaga kowace fata ya duba, ya ce wannan ta ɗaya ce, wannan ta biyu, wannan a mayar wa mai ita. Yana gane fatar mushe da kallo guda, domin dabbar da ba a yanka ba jininta kan kwanta a jijiyoyin fatar.

Ni na same shi a 1983, lokacin da na gama bautar ƙasa aka ɗauke ni a ofishin kula da ma'aikata. Takarda ta farko da na buga a tafireta mai ɗauke da sunan mutum, ta gargaɗinsa ce. Hutun Azahar rabin awa ne, Muntari kuwa sai ya yi awa ɗaya da rabi a bakin famfo yana alwala. Manaja ya ce gargaɗi na uku sallama ne.

Daga baya na ji yadda abin ya fara. An yi shekarar da dabbobi suka mutu da yawa, fatun mushe suka cika kasuwa. Wata rana bayan ya idar da La'asar sai ya ga danshi a hannun rigarsa, bai san daga wace fata ya fito ba. Ya wanke, ya sake sallar. Washegari ya yi kokwanton ko wankin ya kai, ya sake ta kuma. Kafin wata shida yana wanke hannu ɗaya sau talatin, yatsunsa duk sun tsage, in jiniyar komawa aiki ta yi kuka shi bai kai ga wanke fuska ba.

Ranar Laraba wani ma'aikacin asibiti, Filibus, mutumin Filato, yakan zo ɗakin shan magani na kamfanin a kan babur. Ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta, masu fargaba da waswasi yake gani. Ba ya allura, ba ya ba da ƙwaya, don haka ma'aikata suka sa masa likitan hira, suna cewa matansu ma na yi musu wannan kyauta. Ni na kai masa Muntari.

Muntari ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce, "Likita, ba raini ba ne. Amma ku ba kwa alwala. Ta yaya za ku san tawa ta yi?"

"Ba zan sani ba," in ji Filibus. "Wa kake yarda da shi a nan?"

Aka kira Malam Gwadabe na sashen rini, wanda ke jan salla a masallacin kamfani. Ya zo hannunsa shuɗi har gwiwa. Da ya ji bayani ya ce ai littattafai ba su bar wannan ba: wanda kokwanto ke zo masa kullum, hukuncinsa ya yi watsi da shi, ya yi alwala sau ɗaya ya tashi. Ya ƙara da cewa in da danshin aiki na hana salla, da shi kansa rabonsa da salla tun zamanin yaƙin basasa.

A kan wannan Filibus ya kafa aikinsa. Buta ɗaya, in ta ƙare alwala ta ƙare. Ranar Laraba kuma su tafi rumfar fata tare, Muntari ya ɗaga fata guda, ya zauna hannunsa a kan gwiwa minti goma ba wanki, har tsoron ya sauka da kansa. Ni aka sa in riƙa cika butar, aka kuma gargaɗe ni cewa in ya tambaye ni ko na ga ya wanke gwiwar hannu, kada in amsa, domin kowace amsa tana jawo wata tambayar.

Ban taɓa zaton riƙe buta zai gajiyar da mutum haka ba. Muntari ya girme ni da shekara goma sha biyar. Sai ya ɗago kai, gumi na zuba, ya ce, "Malam Haruna, don Allah, ka ga ruwan ya kai nan?" Ni kuma in kalli bango. In na koma ofis sai in kasa buga layi ɗaya ba kuskure.

Amma abin yana ci. A mako na shida ya sauko minti hamsin. Hamsin ɗin ma latti ne, na buga gargaɗi na biyu. Filibus ya roƙi manaja ya ɗaga musu ƙafa wata uku, aka ba shi ɗaya. Ya ce ba laifi, za su yi abin da ya samu.

Ni na kasa jira. A makon ne ɗaya daga cikin masu gadin rana ya bar aiki, sai na ga kamar Allah ne ya kawo mafita: a ƙofa babu fata, kuma masu gadi biyu ne, ba wanda zai lura da tsawon alwalarsa. Na je na roƙi manaja ranar Juma'a a mayar da Muntari gadi, ya sa hannu ko ɗaga kai bai yi ba. Muntari ya yi mini addu'a har na ji kunya. Ban jira Laraba ba, ban tambayi kowa ba.

Da Filibus ya zo ya ji, bai ɗaga murya ba. Ya zauna a benci yana murza ido. Ya ce mako shida suna koya wa mutumin cewa zai iya taɓa fata ya zauna lafiya, ni kuma na tabbatar masa cewa abin gudu ce. Sannan ya ce, "Haruna, tun Juma'a wa ya fi samun barci, kai ko shi?"

A ƙofa abin ya canza wuri ne kawai. Motocin fata na ɗigar da ruwa in za su shiga, sai Muntari ya daina taɓa ƙarfen ƙofar sai da tsumma. Ya daina ba mutane hannu. Ya daina zuwa ranar Laraba, domin sai an bi ta gaban rumfar fata ake kaiwa ga ɗakin shan magani. Filibus ya koma zuwa wurinsa a ƙofa, su tsaya a rana, motoci na katse su.

Shekara ta juyo, sinadaran jimar fata suka daina shigowa daga waje, kamfani ya ce zai rage mutum sittin. Masu zaɓen fata ba a taɓa ko ɗaya ba, don ba a samun irinsu. Masu gadin rana kuwa ɗaya ya isa. Na koma wurin manaja na ce a mayar da Muntari tsohon aikinsa, ya ce in zai koma Litinin, bismilla. Na sami Muntari a ƙofa na faɗa masa. Ya dubi rumfar fata daga nesa ya ce, "Da can baya ne, lokacin da na saba, da na gwada. Yanzu ba zan iya ba."

Ni na buga takardar sallamarsa. Ranar da aka raba bai zo aiki ba, sai na kai masa gida da hantsin Asabar. Matarsa Safiyatu ta shimfiɗa mini tabarma a zaure, ya fito muka gaisa daga nesa. Na miƙa masa, ya dubi ambulan ɗin, ya tambaye ni ko daga kamfani na taho da shi. Na ce e. Ya ce in karanta masa, in ajiye a ƙasa.

Na karanta. Na fara cewa ni na jawo, ya ce in bari, alheri na nufa. Safiyatu ta leƙo ta ɗauki takardar ta shige ciki. Sai Muntari ya ce, "Likita yana ganin wanda ba ma'aikaci ba?"

Ban sani ba. Na ce masa zan tambaya ranar Laraba.